Zakaran da Ba Ya Taɓa Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa aikin da ya kai ka nesa da mu ya zame maka alheri, ya kuma dawo mana da kai lami lafiya. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah. Maigidana yana nan yana fama da shagon waldarsa. 'Yata Auta ta fara zuwa makaranta, kullum da safe sai an yi ɗan ƙaramin yaƙi kafin ta yarda a fita da ita. Goggo tana nan da hawan jininta da kuma faɗanta, ba wanda ya ragu a cikinsu. Ni ma ɗinki ba laifi, ana taɓawa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu daga wajena, ni da na fi kowa son surutu a waya. Wallahi na sha ɗaukar wayar in kira ka, da na ji ta fara shiga sai in kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Baba yana asibiti. Da ransa, yana magana, yana cin abinci, don haka ka daure ka karanta har ƙarshe kafin hankalinka ya tashi. Ƙafarsa ce ta dama, kuma likita tana maganar yankewa. Abin da ya jawo kuwa, da a baki na faɗa maka da ka ce zolayar da na saba ce: zakara ne, zakaran bayan gidanmu.

Ka tuna yadda Baba ya koma bayan ido ya hana shi tuƙi ya ajiye makullin bas. Daga ɗaki sai ƙofar gida, daga ƙofar gida sai ɗaki, ko magana ba ya so. Kai ne ka ce a samo masa kaji ko zai sami abin yi, kuma ba don in ɗora maka laifi na tuna maka ba, shawarar ta yi amfani ƙwarai. Maigidana ya haɗa masa akurki a bayan gida, tsakanin famfo da igiyar shanya. Bayan tafiyarka wata kaza ta yi ƙyanƙyasa, ciwo ya shiga ya kwashe ta da 'ya'yanta, ɗan tsako ɗaya ne ya tsira. Baba ya ɗauke shi ya sa a kwali a ɗakinsa. A tafin hannunsa yake ba shi tsaba, a aljihun rigarsa yake yawo da shi. Ya sa masa suna Kwandasta, wai don duk inda ya sa ƙafa yana biye da shi yana ta ihu. Mu ma lokacin dariya muke, muna jin daɗin ganin Baba yana dariya.

To Kwandasta ya girma, Yaya. Ja ne, in ya miƙe wuya ya kai gwiwata, zankonsa ya kwanto gefe guda ya rufe masa rabin ido. A bayan kowace ƙafa yana da ƙaimi mai tsini, tsawonsa ya kusa ɗan yatsana. Ni ya fara taɓawa, ina cikin shanya. Ba ya zuwa wa mutum ta gaba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai ya yi kamar ba ruwansa da kai, yana tsince-tsince a ƙasa, ya ɗauki tsakuwa ya yar, yana matsowa a karkace da fiffike ɗaya a sauke. Kana juya baya sai ka ji fuka-fuki, kafin ka waiga ya tashi sama ya haɗa ƙafafu biyu ya dake ka da ƙaimin nan. Ranar ya keta mini zane, jini ya zubo har dunduniya. Maigidana ya yi mini dariya har da riƙe ciki, wai mace da girmanta kaza ta kore ta. Ba a jima ba sai ga shi ya faɗo kicin a guje da bokiti a hannu babu ruwan, ya tura ƙofa ya jingina da ita yana haki. Goggo kuwa a bakin famfo ya ritsa ta, ta zame ta faɗi zaune, tana tsine masa yana ƙara dawowa.

Duk wannan ana iya mayar da shi hira. Ranar da ya sami Auta ne dariya ta ƙare. Ta bi ƙwallonta ta fita, ni ina kan keken ɗinki ban lura ba. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Na same ta a ƙasa yana kanta, ya tsaga mata fata a ƙasan ido, saura kaɗan ya sami idon. Tun daga ranar in ta ji cara sai ta ƙanƙame ni jikinta na ɓari. Ni kaina sai da ta kai ko fiffiken tattabara na ji a kan rufi gabana ya faɗi. Na ce wa Baba zakaran nan wuƙa kawai ta dace da shi. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sai ya ture kwanon abincinsa, ya ce duk gidan nan Kwandasta ne kaɗai ya rage da yake bin sa a baya. Ya ce mu ne muke tsokanar sa da guje-gujenmu, dabba tana jin ƙanshin tsoro. Ya ce mu dube shi, kullum yana cikinsu safe da yamma, zakaran bai taɓa taɓa shi ba ko sau ɗaya. Ka san Baba ba ya ƙarya. Kuma da idonmu muke ganin sa yana shiga yana fitowa hankali kwance, yana 'yar waƙarsa.

Ba dabarar da ba mu gwada ba. Wani maƙwabci ya ce a danne shi a ƙasa a gaban kajin har ya daina motsi, wai a nan zai san akwai na gaba da shi. Maigidana ya sa safar hannunsa ta walda ya danne shi, ya kuma saƙale shi a hammata ya zaga da shi tsakar gida kamar yadda aka ce. Washegari ya fi da zafi. Na koma fita da lema, in ya taso in buɗe masa a fuska, ya ja da baya na ɗan lokaci, daga baya ya gane yana bi ta ƙarƙashi. Muka ɗaure shi a ƙafa da igiya, Baba ya kwance shi wai kukansa yana damun sa. Muka kife shi da kwando, Baba ya ce wannan zalunci ne, dabba ba ta yi laifin da za a kai ta kurkuku ba.

Daga ƙarshe muka yi abin da muka ɗauka shi ne hikima. Muka kulle ƙofar baya muka ba Baba makullin. Tunda zakaran shi kaɗai yake ragawa, sai muka bar masa bayan gida gaba ɗaya. Shi ke kwaso ƙwai, shi ke taro mana ruwa a famfon baya, har shanya ni nake miƙa masa ta taga ya baza, in ta bushe ya kwaso. Kuma Yaya, daɗi ya ji. Da sassafe zai ƙwanƙwasa mini ƙofa yana tambaya ko akwai abin da za a ɗauko a baya. Ya dawo da tsokanarsa ta da, yana kiran mu matsorata, yana cewa shi da ya yi shekaru yana fama da fasinjoji zakara ba zai gagare shi ba. In an yi baƙi har labari muke ba su. Goggo ta ce lallai Baba yana da wani sirri da bai gaya wa kowa ba. A cikin kwanakin nan ne muka fara jin wani ɗan wari a ɗakinsa. Na share, na wanke, na ɗaga katifa ina neman mushen ɓera. Da ban samu ba sai na ce kashin kaji ne yake kwasowa a kayansa, na bar maganar.

Ranar da na gani, wuta aka ɗauke, ga ɗinkin mutane a gabana, ɗakin gaba kuma duhu. Sai na jawo keken zuwa ɗakin baya, na ajiye shi a jikin tagar da take kallon akurki. Ban taɓa zama a wurin ba a irin wannan lokaci. Baba ya fito da kwanon dusa, da wandon nan nasa mai kauri na aiki da safa, ka san yanzu ko ana zafi ba ya rabuwa da su wai ƙafafunsa sanyi suke ji. Ya tsaya yana watsa wa kaji abinci yana yi musu hira. Sai ga Kwandasta ta bayansa, a karkace, da fiffike a ƙasa. Na buɗe baki ke nan ya tashi ya daki bayan ƙafar Baba. Na ji ƙarar dukan daga inda nake. Baba ko gezau. Ya ci gaba da watsa dusa yana ce wa wata kaza ta bar zari. Zakaran ya ja baya ya sake tasowa, ya sake, ya sake, wuri ɗaya yake nema, har ya kama wandon da baki yana reto yana harbi da ƙafafu. Baba yana tsaye yana murmushi. Yaya, na ga abubuwan tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin jikina ya mutu irin na wannan lokaci ba.

Ban san sanda na zari tsintsiya na fita ba, ni da ko leƙa ƙofar ba na iyawa. Na kai wa zakaran duka, na jawo Baba ciki yana ta tambayata abin da ya faru, ko Auta ce. Na zaunar da shi na naɗe wandon. Safar ta manne da fata, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi na riƙa ɓamɓarowa a hankali, a nan na gane inda warin yake fitowa. Bayan ƙafafunsa duka biyu tabo ne a kan tabo, sabo da tsoho. A ta dama, sama da dunduniya kaɗan, akwai rami da kan babban yatsana zai shiga, bakinsa ya yi baƙi, mugunya na tsattsafowa. Ƙafar ta kumbura, zafi rau. Ina ɓamɓarar safar, shi kuwa yana ba ni labarin kazar da ta fara kwanci. Da na tambaye shi, ya ce e, ya taɓa shafawa ya ji ɗan ƙurji a wurin, yana sa masa man shafawa, tunda ba ya ciwo bai ga abin tayar wa mutane da hankali ba. Wurin yana baya, idonsa ba ya kai wa can, kuma ka san shi da kafiya, wankin kayansa na ciki ba ya yarda kowa ya taɓa masa.

A asibiti suka riƙe shi nan take. Likitar, wata yarinya mai haƙuri, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce ciwon sugan nan da muke ganin yana shan maganinsa lafiya ya daɗe da kashe masa jijiyoyin ƙafa, daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu ba ya jin komai. Ta ce ciwon ya ci har ƙashi. Sun wanke, sun kankare, suna ta ƙarin ruwa da allurai. Sai ta ɗauki biro ta zana layi a fatarsa, daidai inda jan kumburin ya tsaya, ta ce in ya tsaya a ƙasan layin akwai fatan ceto ƙafar, in ya haura to dole a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, don in ya shiga jini ba ƙafa ake magana ba, rai ake magana. Tun daga ranar ba ni da aiki sai kallon layin nan. Ina shiga ɗakin, kafin in gaishe shi, sai na ɗaga zanen rufarsa na duba.

Baba kuwa ya ce sam. Ya ce ƙafar da ya tako da ita har gadon asibiti, ba ta yi masa ciwo ba ko na ƙwayar zarra, ba wanda zai sa mata wuƙa. Ya ce likitocin yanzu hannunsu ƙaiƙayi yake. Zancen zakara ma ya ce sharri muke yi masa don mun daɗe muna neman hanyar yanka shi, in da yana dukan sa ai da shi zai fara sani. Na rantse masa, na yi kuka, ya ce tun ina ƙarama idona yake ƙara wa abu gishiri. Goggo ta yi masa faɗa har masu jinya suka roƙe ta ta rage murya. Maigidana ya lallaɓa shi, ya ce masa ya je ya ji da ƙarafunansa.

Likitar ce ta ce a bar ta da shi. Ta zo da wani ɗan tsinke mai kai kamar allura, ta ce ya rufe ido, duk sanda ya ji an taɓa shi ya faɗa. Ta soka a hannunsa, ya ce ya ji. Ta soka a gwiwa, ya ce ya ji, har yana tsokanar ta wai ashe wasan yara ake yi a asibitin. Daga nan ta gangara. Ta soki ƙwaurinsa, ta soki idon sawu, ta soki tafin ƙafa, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta koma ƙafar hagu mai lafiyar ta yi haka nan. Ina tsaye ina kallon tsinken yana lotsa fatarsa. Baba na kwance ido rufe yana jira. Da shirun ya yi yawa sai ya ce to a ci gaba mana, ya gaji da rufe ido. Likitar ta matso kusa da shi. Ta tayar da shi zaune, ta kamo hannunsa ta ɗora a kan nata, ya shafa ya ji tsinken a tsaye a kan babban yatsan ƙafarsa, ita tana danne da shi. Ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya juyo wajena ya tambaye ni a hankali, wato duk hirar da yake yi da kajin nan, dukan sa ake yi. Na ce abin da na gani ke nan. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ban sani ba, Baba. Ya koma ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Can ya ce a fitar da zakaran daga gidan, kada Auta ta sake kwana gida ɗaya da shi.

Maigidana ya jira magariba, lokacin da kaji suke hawa wurin kwana idonsu ya rage gani, ya lulluɓa wa zakaran bargo. Duk da haka sai da ya yage masa wuyan hannu ta cikin bargon. Da safe ya kai shi kasuwa wajen mai sayar da kaji, don ba wanda zai iya sa namansa a baki a gidan nan. Mutumin da ya ji labari ya ce ai zakaran da aka rena a hannu ya fi kowanne haɗari, ba ya ɗaukar mutum a bakin komai sai ɗan'uwansa zakara, kuma wanda ya fi shiga cikin kajinsa shi ya fi tsana. Ni dai wannan bayani bai ƙare ni da komai ba. Bayan gidan ya yi tsit yanzu, ni nake ba kajin abinci, kuma har yau ba na iya juya wa akurkin baya.

Ga abin da ya sa na rubuto maka. Yau da safe na ɗaga zanen, jan ya taɓa layin, ta gefe ɗaya ma ya ɗan haura. Jikinsa ya fara zafi, yana rawar sanyi. Likitar ta ce ba ta so a ƙara jinkiri. Baba ya daina musu, amma bai sa hannu ba. Ya ce ba za a rage masa komai a jiki ba sai ya ji ta bakin babban ɗansa. Don Allah Yaya, kana gama karantawa ka kira shi. Kada ka yi masa faɗa, kada ka ce don me bai faɗa ba, kunya ta riga ta ishe shi. Kada kuma ka ce masa a ƙara jira ko a gwada wani magani, na san zuciyarka, za ka so ka faɗi abin da zai faranta masa. Ka ce masa ya yarda. Bayan haka ka nemi izini a wurin aiki ka taho, ko na 'yan kwanaki ne. Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron aikin, ina tsoron rashin yin sa, kuma na gaji da jin tsoron ni kaɗai.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce mata ta sa mu a addu'a. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Lele, ka ce Auta tana ta tambayar su. Goggo tana gaishe ku, ta ce in gaya maka kada ka tsaya dogon lissafi. Maigidana ma yana miƙo gaisuwa, shi zai je ya taro ka duk ranar da ka sa. Da zan fito daga asibiti na gaya wa Baba zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka, in ce Allah ya yi maka albarka. Har na kai bakin ƙofa ya sake kira na. Ya ce in gaya maka, takalmin nan da ka saba sayo masa duk zuwa, wannan karon ka dakata tukuna.

Allah ya ba shi lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka